Yadda Ake Gane Darajar Tsoffin Littattafan Wasan Labari Kafin a Saya ko a Sayar

Tun ranar da na sa hoton wasu littattafai da na tsinta a kasuwar Dolé ta Damagaram, wayata ba ta huta ba. Wannan ya turo hoton bango mai dodo yana tambaya, "Malam, nawa zai yi?" Wancan ya ce ya ji ana sayar da irinsu miliyoyi a Turai, kuma akwai guda uku a ɗakin mahaifinsa. Hoton bango ɗaya ba ya isa a yanke wa littafi kuɗi, shi ya sa na zauna na rubuta hanyar da nake bi daki-daki, don kowa ya iya aunawa da kansa.

Littattafan da nake nufi su ne na wasan nan da ake zama a kewaye tebur, mutum ɗaya yana jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ana jefa ƴaƴan ludo masu fuska da yawa don a san abin da ya faru. A bangon na Faransanci za ka ga "jeu de rôle", a na Ingilishi kuma "role-playing game". Ni zan riƙa ce musu littattafan wasan labari. A Damagaram ba su da yawa. Jefi-jefi suke ɓullowa cikin kwalayen littattafan gwanjo da ke zuwa daga Turai, ko cikin kayan da baƙi ma'aikata suka bari a gidajen haya shekaru da dama da suka wuce. Na Ingilishi wani lokaci ta Kano suke shigowa.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu. Tsufan littafi ba shi ne kuɗinsa ba, kuma kuɗin da ka gani a intanet ba shi ne zai shiga aljihunka ba. Darajarsa a wurinka ita ce abin da ya rage bayan littafin ya tashi daga Damagaram ya isa hannun mai saye.

Kayan aiki

Waya mai ɗaukar hoto sosai da ɗan kuɗin intanet, ƙaramar tocila, buroshi mai laushi irin na fenti wanda bai taɓa shiga fenti ba, fensir da littafin rubutu, leda mai zif, da kwali mai kauri. Idan ka cire waya, sauran duka ba za su ci maka fiye da ƴan jikkuna ba. Sikeli ba sai ka saya ba, mai shagon unguwa zai auna maka. Biro kuwa kada ya kusanci littafin, ko a hannunka ko a hannun yaro.

1. Tabbatar da abin da ke hannunka

Buɗe tsakiyar littafin. Na wasan labari cike yake da jadawalin lambobi, da rubutu irin "d20", "2d6" ko "D100", da taswirori masu ƙananan murabba'ai. Iri uku za ka fi gamuwa da su: babban littafin dokoki, siririn littafin labari guda da ake bugawa a zama ɗaya ko biyu, sai mujalla irin Dragon ko Casus Belli.

Daga nan ka rubuta abu huɗu a littafinka: suna kamar yadda yake a bango, kamfanin da ya buga, lambar ISBN in akwai, da lambar kaya. Kamfanin TSR na Amurka, wanda ya fara fitar da Dungeons & Dragons a 1974, a zamaninsa yana sa wa kayansa lamba huɗu. Monster Manual shi ne 2009, Players Handbook 2010, Dungeon Masters Guide 2011. Waɗannan ba shekaru ba ne, lambobin kaya ne, kuma na sha ganin wanda ya ɗauka shekarar bugu ce ya ajiye littafin yana cewa sabo ne. Siraran kuma harafi da lamba suke ɗauka a kusurwar bango, kamar B2 ko S1.

Hattara: ƙananan littattafan Folio Junior masu rubutun "Un livre dont vous êtes le héros" ba su cikin wannan lissafi. Su mutum ɗaya yake karantawa yana tsallake daga sakin layi mai lamba zuwa wani. Suna da nasu masu nema, amma kasuwarsu daban. Haka ma littattafan ƙagaggun labarai masu tambarin TSR, waɗanda ba su da jadawali ko ɗaya a ciki.

2. Gano bugu na nawa ne

Nan ne kuɗin yake, kuma nan aka fi faɗuwa, don haka kada ka yi gaggawa.

Shekarar da aka rubuta a shafin farko kusa da alamar © shekarar mallakar rubutun ce, ba shekarar da aka buga kwafin da ke hannunka ba. Players Handbook ya fito a 1978, an yi ta sake buga shi sama da shekara goma, kuma 1978 ɗin tana nan daram a shafin. Mutum ya ga 1978 sai ya ce ya samu bugun farko, alhali nasa ya fito ne bayan shekara bakwai ko takwas. Ga abubuwan da ake dubawa a maimakonta.

Na farko, zanen bango da gadon bayan littafi. Tsohon Players Handbook yana da hoton wani katon gunki ja, ɓarayi suna ƙwaƙule dutsen idonsa. Daga 1983 aka canza wa manyan littattafan bango, gadon bayansu ya koma ruwan lemo. Duk wanda ka gani mai baya ruwan lemo, ka san ba bugun farko-farko ba ne, kome shafin ciki ya ce.

Na biyu, tambarin kamfani. TSR ta yi ta sauya tambari: a tsakiyar shekarun 1970 wani mutum mai siffar ƙadangare, sai mai sihiri riƙe da sanda a ƙarshen shekarun 1970, sai wata fuska a farkon 1980, daga baya haruffan TSR kawai. Idan kuwa ka ga sunan Wizards of the Coast, an buga ne daga 1997 zuwa gaba, shekarar da suka sayi TSR.

Na uku, yawan shafi, kuma ga misalin da ya fi kowane nuna amfanin ƙirga. Deities & Demigods ya fito a 1980 da shafi 144. A bugu na baya aka cire babi biyu, na Cthulhu da na Melniboné, littafin ya koma shafi 128. Daga nesa bangon kamar ɗaya ne. Mai 144 ɗin kuwa yana ninka ɗan'uwansa kuɗi. Kada ka tsaya ga abin da mai kaya ya faɗa, juya ka ga lambar shafin ƙarshe, ka kuma buɗe babin ka gan shi da idonka.

Na huɗu, launi. Siririn littafi mai lamba B3, Palace of the Silver Princess, ya fito a 1981 da bango ruwan lemo, kamfanin ya janye shi nan take ya lalata mafi yawa, sannan ya fitar da wanda aka gyara mai koren bango. Koren yana ko'ina. Ruwan lemon kuwa dubban dalolin Amurka ake zuba masa. Haka akwatin asali na 1974: kwafi 1000 aka buga a karon farko, cikin kwali mai launin katako da ƙananan littattafai uku. Daga baya kwalin ya koma fari, kuma na ƙarshe-ƙarshe suna ɗauke da rubutun "Original Collector's Edition". Wannan rubutu yana ruɗin mutane, suna ɗauka shi ne na asali, alhali alama ce ta bugun baya. Ban faɗi waɗannan don ka sa ran tsintarsu a Dolé ba. Na faɗa ne don ka ga yadda launi ɗaya ko shafi 16 ke raba littattafai biyu masu suna ɗaya.

Na Faransanci, waɗanda su muka fi gani a nan, sun fi sauƙi. Juya shafin ƙarshe ka nemi "achevé d'imprimer", shi ne ke faɗin watan da shekarar da aka gama buga kwafin. Kusa da shi akwai "dépôt légal", wanda sau da yawa yake tsayawa a kan shekarar fitowar farko. Idan biyun suka saɓa, "achevé d'imprimer" za ka bi. L'Appel de Cthulhu, alal misali, kamfanin Jeux Descartes ya fara fitar da shi cikin akwati a 1984, kuma tun daga lokacin an yi masa bugu iri-iri a hannun kamfanoni daban-daban, sunan bai canza ba.

Ba sai ka haddace duk wannan ba. Shafin The Acaeum ya jera bambancin bugun tsoffin kayan TSR ɗaya bayan ɗaya, shafin GROG kuma ya yi wa na Faransanci rajista da hoton bango da yawan shafi. Ka ajiye littafin kusa da waya ka bi layi-layi. Idan alama huɗu suka dace ɗaya ta saɓa, ka ɗauka bugun baya ne har sai ka samu hujja.

Hattara: akwai sabon bugu mai kama da tsoho. A 2012 an sake fitar da manyan littattafan nan uku da sabon bango, kuma yau ana buga tsofaffi da yawa kwafi ɗai-ɗai ga duk wanda ya yi oda. Irin waɗannan takardarsu fara fat ce, hotunan sun ɗan dushe kamar fotokopi, kuma a shafin can ƙarshe akan samu ƙaramin zanen lambar kanti. Littafin da ya ce 1979 amma yana ɗauke da adireshin intanet ko ISBN mai lamba 13 a shafin ciki, sabo ne.

3. Ƙirga ko ya cika

Littafi mai kauri, ka bi lambobin shafi tun daga farko har ƙarshe. Ka fi sa ido a tsakiya da kuma ƙarshe, inda ake sa takardar jarumi da taswira, don su masu wasa suke cirewa.

Akwati kuwa sai ka zazzage shi a kan tsabtataccen zane ka gwada da jerin da ke bayan kwalin ko wanda ke GROG. Jan akwatin Dungeons & Dragons na 1983, wanda aka fassara shi da Faransanci ma, yana zuwa da littattafai biyu, ƴaƴan ludo shida, da ɗan alli mai maiƙo da ake cusawa a lambobin don su fito. S1 yana da wani littafin hotuna daban da ake nuna wa ƴan wasa. Taswira ɗaya da ta ɓata tana iya zaftare rabin kuɗin akwati, domin mai tarawa cikakke yake so, mai wasa kuma ba zai iya wasan ba sai da ita.

In ka sami abu a kwalin gwanjo, kada ka tashi sai ka tona kwalin har ƙasa. Sau da yawa taswirar tana can ta maƙale cikin wani littafin lissafi. Ka ce wa mai kaya, "Baba, bari in duba ko sauran takardunsa suna ciki," ba wanda zai hana ka.

Hattara: siraran littattafan TSR da gangan aka bar bangonsu a sake, ba a ɗinke shi da takardun ciki ba, domin a cikin bangon aka buga taswira, sau da yawa da shuɗin tawada. Ba yagewa ya yi ba. Wanda ya ga haka ya kai aka buga masa ƙusar takarda ko ya shafa gam, da hannunsa ya karya kuɗin kayansa.

4. Auna lafiyarsa

Yanayinmu yana da rana a wannan fage: bushewar Damagaram ba ta barin takarda ta yi funfuna kamar a garuruwan bakin teku. Amma muna da namu maƙiya. Haska tocila a gefen shafuka da cikin gadon baya ka nemi ƙananan ramuka da burbushin ƙasa, aikin gara ke nan. Dubi kusurwoyi ko ɓera ko kyankyaso sun ci. Gwada launin gadon baya da na gaban bango, domin littafin da ya yi watanni a shimfiɗe a rana gefe ɗaya yake koɗewa. Buɗe shi a hankali ka saurara: in ka ji ƙas-ƙas, zafi ya busar da gam, shafuka sun kusa zubewa. Unearthed Arcana na 1985 ya yi suna wajen wannan tun a ƙasarsu, balle ya sha zafin watan Afrilu a ɗakin kwano. Sai tabon ruwan damina mai kama da taswira, tsatsar ƙusoshin tsakiya, da wari. Sansana shi. Warin hayaƙi ko na turare ba ya fita, kuma dole ka faɗa wa mai saye.

Rubutun fensir da sauƙi, na biro da fentin yara kuwa sun zauna ke nan. Hatimin ɗakin karatu yana rage kuɗi, kuma yana ta da wata tambaya: ta yaya littafin ya fito? In hatimin na wata makaranta ce ta garin nan, ni ba na saye sai na ji bayani.

Turawa suna da matakansu. A Faransanci "comme neuf", "très bon état", "bon état", "état correct". A Ingilishi kalmar "Good" tana yaudara, domin a bakin masu tarawa tana nufin littafin ya sha hannu sosai. Duk matakin da zuciyarka ta ba littafinka, sauko da shi ɗaya. Mai kaya kullum yana ganin kayansa da idon so.

Hattara, kuma wannan da zafi nake faɗa: kada ka gyara. Mu nan mun saba girmama littafi, in ya tsufa mu kai wa dukawa su yi masa rigar fata, kuma aikin fatar Damagaram abin alfahari ne. Amma mai tara waɗannan littattafai bangon asali yake saye, ko da ya tsufa. Littafin farko mai daraja da ya shigo hannuna, gadon bayansa ya ɗan tsage, na bi shi da salatif don in kyauta masa. Cikin wata biyu zafi ya narkar da mannen, ya bar wani rawayan tabo da ya ratsa takarda. Wanda ya so saye da ya ga hoton sai ya janye. Har yau ina jin ciwon abin. Iyakarka ka share ƙura da buroshi, daga gadon baya zuwa waje. In kuma ka tarar da abu cikin ledarsa ta kamfani ba a taɓa buɗewa ba, kada ka buɗe don ka ƙirga. Rufin nan shi ne kuɗin.

5. Raba ƙaranci da nema

Abu yana iya yin wuyar samu kuma ba mai neman sa. Akwai ƙananan wasanni da aka buga kaɗan, kamfanin ya mutu, kuma babu wanda ya yi kewarsu. Wannan kwantai ne, kome ƙarancinsa. A ɗaya gefen, jan akwatin 1983 da B2 kowa yana son su, amma an buga su da yawan gaske, don haka kuɗinsu matsakaici ne sai in suna da tsabta ƙwarai.

Kuɗi yana taruwa inda biyun suka haɗu. Ka tambayi kanka dalilin da zai sa abin ya yi ƙaranci: bugun farko ne na wasan da ya shahara daga baya? An janye shi daga kasuwa? An cire wani abu a bugu na gaba? Ya fito ne a ƙarshen rayuwar kamfanin, lokacin da ba a buga da yawa? In ba ka sami dalili ko ɗaya ba, to wataƙila a garinmu ne kawai yake da wuya. Rashin ganin abu a Damagaram ba ya nufin babu shi a Lyon ta Faransa.

Na Faransanci ba a buga su da yawa kamar na Ingilishi ba, amma masu sayensu ma ba su kai ba. Tsofaffi irin Rêve de Dragon na 1985 ko lambobin farko na Casus Belli, wadda ta fara fita a 1980, suna da masu nema na gaske, sai dai a Faransa da Beljik da makamantansu za ka same su. Kada ka auna fassarar Faransanci da kuɗin asalin Ingilishi.

6. Nemo kuɗin da aka sallama

Wanda ya taɓa sayen ragon layya ya san kuɗin da mai rago ya yanka da safe daban, wanda aka sallama da yamma daban. Intanet ma haka take. Kowa yana iya sa littafinsa ya rubuta Yuro 500, ya shekara ba wanda ya taya. Mafi yawan hotunan da ake turo mini ana murna, irin wannan kuɗin ne.

Shiga eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, rubuta suna da lambar kaya, sannan ka zaɓi a nuna maka waɗanda aka riga aka sayar kawai. A na Ingilishi "Sold items" ne, a na Faransanci ka nemi wurin tace sakamako ka zaɓi na kayan da aka sayar. Zai nuna maka cinikin ƴan watannin baya. Tsamo aƙalla biyar waɗanda bugunsu da cikarsu da lafiyarsu suka yi daidai da naka. Jefar da mafi tsada da mafi araha, ka ɗauki na tsakiya. In ka ga an ja layi a kan kuɗin, an yi ragi ke nan, abin da aka biya bai kai haka ba. Leboncoin, shafin tallan kaya na Faransa, da shagunan masu sayar da tsoffin wasanni suna da amfani don ka ga yawan kwafin da ke kasuwa, amma kuɗin da ke jikinsu na yanka ne.

In ba ka sami ciniki ko ɗaya ba, kada ka yi saurin cewa ka tsinci zinariya. Koma mataki na 5.

Juyawa zuwa sefa da sauƙi in Yuro ne, domin a ɗaure suke: Yuro 1 sefa 655,957 ne, ka ce 656. Dalar Amurka kuwa tana hawa tana sauka, sai ka duba ta ranar.

Hattara: in kana magana da dattijo ko mai kaya, ka bambanta dalar Amurka da dalarmu ta sefa 5. "Dala ɗari" a bakin ɗan kasuwar Dolé sefa 500 ce. Faɗi kuɗi da jika, kowa ya huta.

7. Cire kuɗin hanya

Wannan matakin ne ba za ka samu a shafukan Turawa ba, domin su gidan waya yana bayan gidansu, mai saye kuma yana gari na gaba. Mu kuwa tsakaninmu da Yamai kaɗai kusan kilomita 900 ne.

Auna littafin tare da kwalinsa, ka je gidan waya ko wurin masu aika kaya ka tambayi kuɗin wannan nauyin zuwa ƙasar mai saye, da lambar bibiya. Kada ka yi ƙiyasi. Za a ce maka ai mai saye ne ke biyan kuɗin aike. Haka ne a rubuce, amma shi yana gwada ka da wani mai kaya a ƙasarsa wanda aikensa ba ya da tsada, don haka bambancin daga kuɗinka zai fita.

Ga misali, lambobin na kwatance ne, kai ka sa naka. A ce tsakiyar cinikin da ka samu Yuro 60 ne, wato sefa 39.360. A ce shafin da aka sayar ya cire kashi 13 cikin 100, kusan 5.100. Aike daga nan zuwa Yamai zuwa waje, a ce jika 15, wato sefa 15.000. Kwali da leda da kuɗin turo kuɗi, jika 3. Ɗan'uwa ko abokin da ya sa maka kayan a shafinsa ya karɓi kuɗin a can, shi ma yana da la'adarsa, a ce jika 5. Abin da ya rage bai wuce jika 11 da ƴan kai ba. A ciki za ka cire uwar kuɗi, ka kuma bar wani abu saboda ranar da kaya zai ɓata a hanya ko mai saye ya ce a mayar masa da kuɗinsa. Littafin "Yuro 60" ke nan, wanda bai kamata ka saye shi sama da jika 4 ko 5 ba.

Shi ya sa littafi ɗaya mai ƙaramin kuɗi ba ya biyan hanyarsa. Ko dai ka tara su ka aika a dunƙule, ko ka jira matafiyi amintacce. In matafiyi ne, ka buɗe ƙunshin a gabansa ya ga kome da idonsa, ka kuma yi masa bayanin hotunan dodanni da ke bangon, cewa littafin wasa ne, don kada a tambaye shi a hanya ya rasa amsa.

8. Idan musaya za a yi

Musaya ta fi sayarwa sauƙi a wurinmu, musamman da masu sha'awar abin a Yamai ko Kano, domin ba la'adar shafi, ba dogon aike. Sharaɗin shi ne mudu ɗaya za a auna kayan kowa da shi. In an auna naka da kuɗin da aka sallama, nasa ma haka. Dabarar da aka fi yi wa sabon shiga ita ce a auna nasa da kuɗin sallama, na ɗayan da kuɗin yanka.

Ƙanana biyar na jika huɗu-huɗu ba su kai babba ɗaya na jika 20 ba, ko da lissafi ya ce daidai ne. Babban sau ɗaya za a sayar da shi, ƙananan kuwa ciniki biyar ne da aike biyar. Mai ba da ƙananan shi ke yin ciko. Mai shago ko dillali kuma ba zai taɓa ba ka cikakken kuɗi ba, tun da shi ma sai ya ci riba, don haka kada ka ji haushi in ya taya ƙasa sosai. Ka dai san lissafinka kafin ka ce albarka ko ka sallama.

Kafin kaya ya motsa, kowa ya turo hoton gaba, baya, gadon baya, shafin ©, shafin ƙarshe, da kowane aibi, tare da ƴar takarda mai kwanan watan ranar a gefen littafin. Da wanda ba ka sani ba, a sa mutum na uku da kuka yarda da shi ya riƙe kayan biyu.

Hattara: hoton rasit ba kuɗi ba ne. Wanda ya ce ya turo fiye da kima ka mayar masa da canji, ko ya nemi lambar sirrin da ta shigo wayarka, rufe maganar nan take.

Akwai kuma ranar da kai ne mai sani, mai kaya bai sani ba. A kwalin gwanjo ciniki ciniki ne, ya yanka ka taya. Amma in wata baiwar Allah ce ta fito da kayan mijinta da ya rasu tana cewa, "Ɗana, duba mini ko waɗannan suna da amfani," wannan shawara ta nema, ba ciniki ba. Ni nakan ce, "Inna, wannan guda yana da kuɗi, bari in bincika in dawo," in kuma nuna mata lissafin mataki na 7 yadda yake, musamman da yake kayan gado akwai haƙƙin wasu a ciki.

9. Ajiya kafin mai saye ya zo

Mai saye yana iya ɗaukar watanni, gara kuwa dare ɗaya ya ishe ta. Sa kowane littafi a ledarsa bayan ka tabbata a bushe yake ƙayau, siraran ka sa musu kwali a baya don kada su lanƙwashe. Jera su kwance, manya a ƙasa, cikin akwatin ƙarfe. Ɗora akwatin a kan tebur ko bulo, nesa da bangon ƙasa, ba kuma dab da rufin kwano ba. Kada ka ɗaure su da roba, tana narkewa ta manne a bango. Kada ka fesa maganin ƙwari a jikin takarda, a ƙafafun teburin za ka sa. Da damina ka riƙa buɗe akwatin duk mako biyu kana dubawa, in ka ga raɓa a cikin leda ka fitar da littafin ya sha iska a inuwa. A murfin akwatin daga ciki ka liƙa takarda mai sunan kowane littafi, bugunsa, abin da ya ɓata a jikinsa, nawa ka saye shi, da ranar da ka duba kuɗinsa na ƙarshe. In ranar ta wuce wata shida, sake duba mataki na 6 kafin ka amsa wa kowa.